Dan Allah me samari suke nufi da "ƙanƙara"? Ƙanena ya canza gaba ɗaya

Yayar Auta:

Slm 'yan uwa. Dan Allah wanda ya san kan abin nan ya taimaka ya fahimtar da ni, wlh kaina ya kulle, kuma a gida babu wanda zan tambaya maganar ba ta zaga dangi ba.

Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne autanmu, shekararsa 24, tela ne yana ɗinkin maza a shagon da suka kama haya shi da abokansa. Da can mutum ne mai ci mai barci, har tsokanarsa muke yi don sai Umma ta yayyafa masa ruwa yake tashi sallar asuba. To tun ɗinkin ƙaramar Sallah abubuwa suka fara canzawa, lokacin yana kwana a shago mun ɗauka aiki ne ya yi masa yawa, kowa dai ya san teloli a goman ƙarshe na azumi. Amma Sallah ta wuce, babba ma ta zo ta wuce, shi bai dawo daidai ba. Sai ya yi kwana biyu ko uku idonsa biyu, tsakar dare ka ji shi yana ta ƙwaƙule-ƙwaƙule a ɗaki, rannan fankar ɗakinsa ya kwance kaf ya jera notunan a kan tabarma alhali lafiyarta ƙalau, ya kwance rediyon marigayi Baba ma, kuma duk abin da ya kwance ba ya mayarwa. Daga nan sai ya zube ya yi ta barci yini da kwana, in ya tashi ya share duk abin da ke tukunya ya hau faɗa da kowa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ya rame sosai, kumatunsa sun faɗa, wando sai ya ƙara zuge zariya. Yanzu kuma ya tsiro da cewa maƙota suna gulmarsa ta bayan katanga, kyamarar wayarsa ma ya liƙe ta da salatif.

Abin da ya sa na kasa shiru, ya ari wayata ya tura saƙo ya manta bai goge ba. Ya rubuta wa wani "akwai ƙanƙara? ta dubu biyar, irin ta rannan", wancan ya amsa masa "ais ya ƙare sai dare". Ni dai ƙanƙarar da na sani ita ce wadda muke sa wa zoɓo da kunun aya, me tela zai yi da ta dubu biyar, kuma me ya sa sai dare?

Wannan wace irin aba ce? Halin da na faɗa ya yi kama da na masu shan ta? Umma tana da hawan jini ban gaya mata ba, babban yayanmu kuma zuciya gare shi, na san in ya ji duka ne kawai.

Dan Onicha:

Baiwar Allah kiyi hakuri, ba ruwan sanyi yaron nan yake nema ba. Kankara a bakin yaran yanzu kayan maye ce, sunanta na boko metamfetamin. Wasu yan duwatsu ne kanana farare masu sheki, in kika gani sai ki rantse alif aka daddaka ko fasasshen gilashi, daga nan sunan ya fito. Wani yace ais, wani yace kiristal, wani gilas, wani met kawai, duk abu daya ne.

Ni a kudu na fara saninta saboda na dade ina kai albasa Onicha da Aba. Yan kabilar Ibo mkpuru mmiri suke ce mata, wato kwayar ruwa, in kin ji dan arewan da ya zauna can yana cewa "umkuru miri" to ita ce. Wajen karshen 2021 abin ya yi kamari a jihohinsu har matasan gari suka rika kama masu sha suna daure su a jikin itace ana zane su da bulala ana daukan bidiyo ana yadawa, muna gani da idonmu a kasuwa ana nuna wa juna a waya, amma ban ga wanda bulala ta raba da ita ba gsky, yaro sai ya warke ya koma.

Kuma kar kiyi tunanin daga waje kawai ake kawo ta, a nan kasar ake dafa ta. Tun 2011 NDLEA, hukumar yaki da miyagun kwayoyi, suka fara gano wurin hada ta a Legas, a watan Maris na 2016 kuma suka kama wani katon wuri a Asaba har da mutum 4 yan kasar Meziko da aka dauko su don aikin. Da farko kasashen Asiya ake fitar da ita don can take da tsada, daga baya kuma ta fara zubowa cikin gida, to duk abin da ya shiga tashar mota a kudu ai kin san kwana kadan ne ya iso arewa.

Ki duba dakinsa in ya fita. Dan bututun gilashi mai kumburarren kai zagaye, gindin ya yi baki da kuna, ko kwan lantarki da aka cire cikinsa, ko farar takardar nan mai sheki ta cikin kwalin sigari ta kone ta kasa, yankakken bututun shan lemo, laita fiye da daya ga mutumin da ba ya shan taba, da yan kananan ledoji masu zif. In kin ga biyu daga ciki magana ta kare.

Ummu Khairat:

Innalillahi. Ni fa da na karanta sai na ga kamar shafar aljanu ce ko an yi masa sammu, mutum yana jin ana magana ta bayan katanga, ba ya barci, ga rama? Kin san sana'a akwai hassada, wataƙila ya fi abokan shagon samun ɗinki. Ki samu malamin kirki ya yi masa ruƙiyya, a dinga kunna Baƙara a gidan, a ba shi zamzam da habbatus sauda. Allah Ya yaye masa.

Nas Mai Aikin Dare:

Ummu Khairat addu'a kam dole ce, a yi ta babu fashi, amma aljani ba ya tura saƙo ya ce a kawo masa ta dubu biyar. A haɗa biyun.

'Yar'uwa sannu da ƙoƙari. Ni a ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa nake aiki, irin ƙanenki muna karɓar su. Babu mai yanke hukunci daga nesa, sai likita ya gan shi, amma zan gaya miki abin da ya fi ɗaukar hankalina a bayaninki, kuma ba saƙon ba ne. Zagayen nan ne: kwanaki ba barci ba ci, sannan ya zube, sannan ya tashi da yunwa da baƙin rai, sannan a sake. Wannan zagayen shi ne tambarin ƙanƙara.

Dalili kuwa, akasarin abin da iyaye suka saba gani a wurinmu masu kwantarwa ne. Mai shan kodin ko rochi ko diyazifam za ki gan shi yana layi, harshe ya yi nauyi, yana gyangyaɗi a zaune. Mai wiwi ido ja, ga ci, ga wari a kaya wanda ko turare bai ɓoye shi. Ita wannan kishiyarsu ce, tayar da mutum take yi. Tana sa ƙwaƙwalwa ta tuttular da wani sinadari da ake kira dofamin, shi ne mai sa mutum ya ji daɗi da kuzari, sai mutum ya ji ba gajiya ba yunwa ba barci, kuma shaƙa ɗaya tana iya riƙe shi awa 8 zuwa 12, wani lokacin ma fiye. Kafin ta sake shi ya ƙara, haka har kwana uku. Hayaƙinta kuma ba shi da wani wari mai kama jiki irin na wiwi, shi ya sa uwa za ta shinshina rigar ɗanta ta ce alhamdulillah ba ya shan komai. Da yawa sai an yi nisa ake ganewa, don da farko ma yabon yaron ake yi wai ya zama mai himma.

In yana cikin kwanakin rashin barcin ki lura da idonsa a wuri mai haske, ɗan baƙin nan na tsakiyar ido zai buɗe ya yi faɗi alhali a haske tsukewa ya kamata ya yi. Ki lura da muƙamuƙinsa, suna yawan datse haƙora ko su yi ta motsa baki ba komai a ciki. Gumi ko da ana sanyi, leɓe a bushe, surutu da sauri daga wannan zance ya faɗa wancan, ƙafa ba ta zama wuri ɗaya. Kwance fanka da rediyo da kika ce, wannan ma sananne ne, sai su kama abu ɗaya su yi ta yi awa da awanni ba gaira ba dalili, wani shara, wani wanke abu ɗaya, wani kwance waya. In an daɗe ana sha sai haƙora su fara ruɓewa saboda yawu ya ƙafe, wasu kuma su riƙa jin wani abu yana tafiya a ƙarƙashin fatarsu su yi ta tsaga har fuska da hannu su cika da ƙananan gyambuna.

Maganar maƙota da liƙe kyamara ita ce ta fi damuna. Wannan zargi ne da maganin da rashin barcin suke haifarwa, yana iya kaiwa ga jiye-jiye da gane-gane, kuma a wurinsa gaskiya ce tsagwaronta, da gaske yake jin muryoyin. Kar ki yi musu da shi a kai, kar kuma ki biye masa ki ce ke ma kin ji. Ki ce masa kawai kin ga abin yana tayar masa da hankali. In kika matsa da ƙaryata shi sai ya saka ki cikin jerin waɗanda suka haɗa masa kai. Dan Allah yayanku kar ya taɓa shi a irin wannan yanayin, mutumin da ya kwana uku bai runtsa ba kuma yana ganin an kewaye shi, ga shi tela almakashi da reza a hannunsa suke kwana, ba a cin ƙwalarsa.

Sai dai kuma a yi adalci. Rama da rashin barci da zafin rai ba ƙwaya kaɗai ke kawo su ba. Akwai ciwon ƙwaƙwalwa mai sa mutum ya yi kwanaki yana zumuɗi ba barci ba tare da ya sha komai ba, kuma yawanci a irin shekarunsa yake fara bayyana, akwai ciwon maƙoƙo mai sa rama da gumi da bugun zuciya, ga ciwon suga, ga tarin tibi. Shi ya sa asibiti ya fi ɗakin bincike na gida. Akwai gwajin fitsari, minti kaɗan ne, amma yana kama ta ne cikin kwana 2 zuwa 4 bayan sha, ga wanda ya yi nisa yakan ɗan wuce haka. In aka yi bayan mako aka ga babu, ba wanke shi aka yi ba. Wani lokacin kuma maganin mura yana sa gwajin ya nuna akwai alhali babu, don haka likita ne zai fassara, ba mai kemis ba.

Abin da ba a jira da shi: ciwon ƙirji, jiki ya ɗau zafi rau, jijjiga, ciwon kai mai tsanani farat ɗaya, baki ya karkace ko ɓari ɗaya ya saki, ko ya fara zancen gara ya mutu. Wannan ko ƙarfe biyun dare ne a nemi mota. Tana tayar da jini sosai, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai yana iya samun shanyewar ɓarin jiki a kanta.

Wanda Allah Ya Tsamo:

Yaya ni ba zan boye miki ba, na sha ta, Allah ne Ya yi da sauran kwanana a gaba. Duk abin da Nas ta fada haka yake, ni bari in kara miki ta bangaren da littafi ba ya fada.

Na farko kar ki wahalar da kanki wajen haddace sunaye. Yau kin san kankara da ais, to ranar da suka gane manya sun gane za a canza. A majalisarmu "aiki" muke ce mata, sai ka ji an ce akwai aiki? a gaban mahaifin mutum ma ana fada yana sa albarka. Wani yace kaya, wani yace zan je in yi caji, wani ko rubutu ba ya yi dan hoton lu'ulu'u kawai zai tura wa dila a waya. Kalma tana canzawa amma abu uku ba sa boyuwa, barci da kudi da abokai. Ki tambayi kanki, yana samun dinki amma kullum ba shi da ko sisi? Tsofaffin abokansa na unguwa sun daina sallama da shi sai wasu sababbi da ba sa shigowa sai dai su kira ya fita da sauri? Masu dinki sun fara zuwa kofar gida neman kayansu? In bai fara ba zai fara, shaddar mutane ce za ta fara tafiya, daga nan dutsen guga, daga nan kan keken. Ni gyaran waya nake yi, wayoyin mutane na sayar, har yau akwai layin da ba na bi a kasuwa.

Na biyu, kusan na tabbata ba don iskanci ya fara ba. Ni ma wani ne ya ga ina gyangyadi a kan aiki yace ga maganin barci, ba ta bugarwa, ba irin ta yan kwaya ba ce. Kuma satin farko gaskiyarsa ce, ka yi aikin mutum uku kana jin kanka sarki. Abin da bai fada min ba shi ne karfin nan bashi kake ci a jikinka kuma mai bin bashin ba ya daga kafa. Daga baya ba don ka ji dadi kake sha ba, don ka iya tashi daga katifa ne kawai. Zan iya rantsuwa a shagon nan ba shi kadai ba ne, cikin abokan hayar akwai wanda ya koya masa.

Lokacin magana da shi ba ranar da yake sama ba ne, ranar ko Alkur'ani kika dafa masa ba ya jin ki. Ba kuma daidai lokacin da ya farka ba, lokacin duniya ce ta yi masa baki. Ki bari ya tashi ya ci ya koshi ya yi wanka jikinsa ya dan saki. Ni kawuna ne ya same ni a irin wannan lokacin, bai zage ni ba bai ce min dan kwaya ba, ya ce ya ga ba na barci ya ga na rame, ya san abin da nake sha, kuma gobe zai zo mu je ganin likita shi zai biya kudin kati. Na yi ta rantse-rantse ina musu, ya bar ni na gama ya ce to gobe karfe bakwai. Da ya tambaye ni "kana sha ko ba ka sha" da na yi masa karya mun rabu a haka. Kanenki ma zai musa, ki sa a ranki, zai ma iya juya maganar ta koma me ya sa kika karanta masa sako.

In ya daina kar ku tsorata da barcin da zai yi da cin da zai yi, satin farko ya fi wuya, amma abin da ya fi kayar da mutane shi ne watannin da ke biyo baya, komai salam, abinci salam, hira salam, kwallo ma da nake mutuwar so na daina jin komai a kanta. Yana dawowa a hankali. Ni sai da na canza layi na bar wurin sana'ar gaba daya, kuma duk da haka na koma na sake fitowa kafin ta zauna. In ya zame kar ku ce asarar kudi aka yi.

Takari a Jidda:

A nan Saudiyya shabu suke ce mata, sunan daga can gabashin Asiya ya zo, 'yan Filifin ma haka suke kiranta. 'Yan Sudan da muke zaune da su kuma ais suke cewa irin na gida. Na faɗa ne saboda masu 'ya'ya ko miji a nan, in kin ji kalmar shabu a bakinsa a waya kar ki ɗauka sunan abinci ne. Daban take da kabtagon, shi ƙwaya ce ta haɗiya, duk da dai shi ma hana barci yake. Tun 2023 hukuma ta matsa sosai da kame a kanta, kuma safarar kayan maye a ƙasar nan hukuncinta yana kaiwa ga kisa, ba wasa. Mai zuwa Umara dan Allah kar ya karɓi saƙon da bai buɗe ya gani ba.

Abban Sadiq:

Ni duk wannan lallashin ne ban gane ba. Yaro ya lalace a kai shi gidan mari a sa masa sasari wata shida ya dawo hayyacinsa, mu haka muka ga ana yi. Ko a kira NDLEA su tafi da shi da dilan gaba ɗaya tunda ga lambarsa a waya.

Malamar Firamare:

Abban Sadiq ka manta abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019? Mutum sama da 300 'yan sanda suka fito da su daga gida ɗaya, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon duka, bayan nan aka buɗe wasu a Daura da Katsina. Iyayen da suka kai su ba mugaye ba ne, rasa yadda za su yi suka yi. Amma wanda yake jin muryoyi magani yake buƙata, sarƙa ba ta kashe murya.

Kuma abin nan ya fi ƙarfin a ce ɗan gidan wane ne ya lalace. Rahoton 2018 na binciken da aka yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 ne a Najeriya suka yi ta'ammali da kayan maye a shekara guda, kuma a cikinsu duk mutum 4 ɗaya mace ce, don haka masu 'ya'ya mata ma su buɗe ido, musamman yarinyar da ta zabge farat ɗaya ana yaba mata wai ta rage ƙiba. Gidan mari nawa za a gina?

NDLEA kuma ba kame kaɗai suke yi ba, suna da masu ba da shawara da wuraren gyaran hali, suna da layin kira kyauta 080010203040 dare da rana, Yayar Auta za ki iya kira ki yi tambaya ba sai kin faɗi sunansa ba. Maganar dila a bar ta tukuna sai yaron ya samu tsira, in aka kama mutumin yau kowa a shagon ya san daga wayar wa aka samu lambar.

Yayar Auta:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri, Wanda Allah Ya Tsamo Allah Ya ƙara tsare ka. Ɗazu da ya fita na duba, na ga bututun a cikin aljihun tsohuwar jakar makarantarsa an naɗe da ƙyallen shadda, da laita har uku. Jikina har yanzu rawa yake. Ban ɗauke ba na mayar yadda na gani. Anti Nas in jefar ne? Kuma Umma fa, in ci gaba da ɓoye mata? A Kano muke, ina za mu nufa da shi, kuma akwai allurar da ake yi mutum ya daina sha'awarta? Wata ta ce min akwai ta wankin jini.

Nas Mai Aikin Dare:

Gara da kika mayar. In ya dawo ya ga babu, abin da kika jefar ɗin zai sake saya kafin magariba, ke kuma kin tabbatar masa da zargin da yake yi cewa ana bibiyarsa. Ki ɗauki hotonsa dai a wayarki saboda likita.

Allurar wankin jini babu ita, duk wanda ya ce miki zai sa masa ruwa leda biyu ya fito fes kuɗinki yake so. Jiki da kansa yake fitar da ita cikin 'yan kwanaki, matsalar a ƙwaƙwalwa take zama. Har yanzu babu wani magani da aka amince da shi takamaimai na cire sha'awar metamfetamin. Abin da ake yi shi ne a ba shi maganin da zai kwantar da jiye-jiyen da zargin, a gyara barcinsa, a kula da baƙin cikin da ke biyo baya don a nan ne wasu suke tunanin hallaka kansu, sannan zama da masu ba da shawara a kai a kai na watanni. Wannan zaman shi ne ainihin maganin, kuma shi ne wanda 'yan uwa suka fi saurin gajiya da shi da zarar sun ga yaro ya yi ƙiba.

Tunda a Kano kuke ga asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, ga kuma sashen a asibitin Malam Aminu Kano. Na Kaduna akwai na tarayya a Barnawa, Sakkwato akwai Kware, Maiduguri ma akwai. In kalmar Dawanau za ta sa ya tubure, ku fara da cewa za a je a duba rashin barci da ramar, ai ba ƙarya kuka yi ba.

Umma kuma ina ganin ta riga ta san akwai abin da ke faruwa, uwar da ɗanta ke kwance fanka ƙarfe ukun dare ba barci take ba ita ma. Gara ta ji daga bakinki a zaune bayan ta sha maganinta, kuma ki zo mata da maganar tare da mafita, ranar kaza za mu je wuri kaza, da ta ji daga bakin mai bin shadda a ƙofar gida. Ki nemo namiji ɗaya a dangi wanda yaron yake jin nauyinsa kuma ba mai hannu da sauri ba, kawu ko baffa, shi zai raka ku. Yayanku a gaya masa daga baya, a gaban wannan babban. Kafin ranar ki kawar da almakashi da reza da wuƙaƙe daga inda ido zai gani ba tare da kin yi shela ba, kuɗi kuma kar a ba shi a hannu, in abinci ne a ba shi abinci. Ki samu takarda ki riƙa rubuta daren da bai kwanta ba da ranar da ya zube da abin da yake faɗa, don a gaban likita zai nutsu ya yi magana tsaf har ki fara tunanin ke ce kika ƙara gishiri. Ku fita da wuri, layin kati yana da tsawo.